Wuyan Sarauniya, Numfashin Mai Nutso

A watan Afrilun 1996 gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York ya baje kayan marigayiya Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka. Cikin kayan har da wata sarƙar wuya mai layi uku, wadda masu gwanjon da bakinsu suka ce ba lu'ulu'un gaske ba ce, kwaikwayo ce, suka kuma yi mata ƙiyasin da bai haura dala 700 ba. Da aka gama tayi, dala 211,500 aka biya. A watan Nuwamban 2018 kuma, a birnin Geneva, wannan gidan ya sayar da wani abin wuya wanda jigonsa babbar ƙwayar lu'ulu'u ce guda ɗaya, mallakar Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da 'yan juyin juya hali suka fille wa kai a 1793. An yi tsammanin zai tsaya tsakanin dala miliyan 1 da miliyan 2, sai ga shi ya kai miliyan 36. Ɗaya jabu, ɗaya na ƙwarai, amma abin da ya ɗaga su duka biyun guda ne, wato wuyan da ya taɓa ɗaukar su. Lu'ulu'un da ake magana a kansa a nan shi ne na ruwa, farar ƙwayar nan da ake samu a cikin kawa, wadda Alƙur'ani ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman. Ra'ayina kuwa shi ne, kasuwar tsoffin sarƙoƙin lu'ulu'u kasuwar labari ce, kuma duk wanda ya zaɓi ya ci riba da labari ba shi da hurumin tsallake rabinsa. Rabin da aka saba tsallakewa shi ne na mutumin da ya riƙe numfashi, ya nutse ƙarƙashin teku, ya ɗebo kawar.

Sai an san yanayin abin kafin a gane abin da ya sa labari ya fi tasiri a kansa fiye da sauran kayan ƙawa. Zinariya tana da ma'auni. Ko awarwaro ya karye, ko yayinsa ya wuce, maƙeri zai ɗora shi a sikeli, ya duba farashin giram na ranar, ya narkar da shi ya ƙera wani. Lu'ulu'u ba a narkar da shi a ƙera wani, ba a sake sassaƙa shi, ba shi kuma da farashin rana. Kawa ce ke gina shi idan wata tsutsa ko wani rauni ya tura ɗan naman fatarta zuwa cikin jikinta. Sai ta yi ta lulluɓe wurin da siraran shimfiɗu na sinadarin da take gina ɓawonta da shi, wanda dangin alli ne, ɗaya bisa ɗaya, shekara da shekaru. Daga nan ƙyallinsa ya samo asali, nan ne kuma rauninsa yake. Turare na dusashe shi, tsami na cin sa, gumi na ɓata shi in ba a goge ba, zaren alharinin da aka shirya shi a kai yakan saki sai an sake wani. Darajarsa ta rataya ne kacokan a kan abin da mutane suka yarda da shi game da ƙarancinsa da asalinsa, kuma yarda tana iya juyawa. A 1917 dillalin kayan ado Pierre Cartier ya ba attajiri Morton Plant sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1, da ƙarin dala 100, ya karɓi katafaren gidansa da ke kan titin Fifth Avenue a New York. A 1957, bayan rasuwar matar da aka saya wa sarƙar, aka yi gwanjonta a kan kimanin dala 150,000. Gidan yana nan har gobe, shi ne shagon Cartier. Sarƙar ba ta sauya ba a cikin shekarun nan 40, labarin ƙarancinta ne ya rushe da zuwan lu'ulu'un kiwo.

To, wane labari ake ba mai saye? A ɗauki shahararriyar ƙwayar nan da ake kira La Peregrina. Littafin gwanjo zai jero maka cewa ta shiga taskar Sarki Philip na Biyu na Sifen a ƙarni na 16, sarauniyoyin Sifen suka yi ado da ita har masu zane suka zana su da ita, Joseph Bonaparte ya fice da ita a 1813 da mulkinsa a Sifen ya kife, ta faɗa hannun gidan sarautar Abercorn a Birtaniya, Richard Burton ya saye ta a 1969 kan dala 37,000 ya ba matarsa Elizabeth Taylor, sannan gidan gwanjo na Christie's ya sayar da sarƙar da take jiki a Disamban 2011 kan dala miliyan 11.8. Kowane suna da shekararsa. Wanda ya ciro ta daga tekun Panama kuwa, abin da riwaya ta adana game da shi bai wuce cewa bawa ne ɗan Afirka, kuma an ce an 'yanta shi saboda ita. Aikin littafin gwanjo ya yi kama da na maroƙin fada, wanda zai jero sarakuna goma sha biyu da kirarin kowanne ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma ba ya ambaton ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka suka gina ganuwar garin. Maroƙi dai an san aikinsa yabo ne. Gidan gwanjo yana gabatar da nasa jerin ne a matsayin tarihi, yana kuma karɓar la'ada a kansa.

Ba a Panama kaɗai abin ya faru ba. A tsibirin Cubagua da ke gaɓar Benezuwela, Sifaniyawa sun kafa garin Nueva Cádiz a shekarun 1520 don lu'ulu'u kawai. Suka tilasta wa 'yan asalin yankin nutso, har da mutanen da suka kwaso daga tsibiran Bahamas, daga baya suka kawo bayi daga Afirka. Limamin kirista Bartolomé de las Casas ya rubuta irin azabar da ya san ana gana musu, kuma dokokin da masarautar Sifen ta fitar a 1542 sun hana tilasta wa 'yantattun 'yan ƙasa wannan aiki. Kafin dokar ta zo ma an riga an ƙarar da kawar wurin, garin ya zama kufai.

Amma mafi yawan lu'ulu'un halitta da ke cikin tsoffin sarƙoƙin da ake gwanjo a yau, musamman na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, daga Tekun Fasha suka fito, daga ruwan Bahrain da Katar da Kuwait da gaɓar da ta zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Sana'ar ta tsufa ƙwarai a can, domin a tsibirin Marawah na Abu Dhabi an tono ƙwayar da ta kai kusan shekara 8,000. A farkon ƙarni na 20 jami'in Birtaniya J. G. Lorimer ya ƙiyasta jiragen nutso kimanin 4,500 da mazaje kimanin 74,000 a yankin. Babbar kakar nutso tana kamawa ne daga Yuni zuwa Satumba, tsakiyar zafi, wata huɗu jirgi na kan ruwa. Mai nutso zai matse hancinsa da wani ɗan maƙali na ɓawon kunkuru, ya sa 'yan safar fata a yatsunsa don kada kaifin kawa ya yanke shi, ya rataya kwandon igiya a wuya, ya ɗora ƙafa a kan dutsen da ke ɗaure da igiya, dutsen ya ja shi ƙasa zuwa zurfin mita 10 ko 15, wani lokaci fiye. Yana da minti ɗaya ko ɗaya da rabi ya tsinci abin da zai iya. Idan ƙirjinsa ya fara zafi sai ya fizgi igiya ta biyu, abokin aikinsa da ke kan jirgi ya jawo shi da sauri. Ransa yana hannun wannan mai ja. Ya huta kaɗan riƙe da igiya a gefen jirgi, ya sake komawa, sau hamsin ko fiye kafin rana ta faɗi. Da rana dabino da gahawa ne abincinsa, don ba a nutso da cikakken ciki, sai dare ya ci shinkafa da kifi. Washegari da asuba ake fasa kawar jiya a gaban nakuda, wato shugaban jirgi, wanda shi ke karɓar duk abin da aka samu. Sau da yawa a fasa ɗaruruwa ba a ga ƙwaya ɗaya mai daraja ba. Ciwon ido, fashewar dodon kunne, gyambon fata da ciwon ƙirji su ne abin da mai nutso ke tsufa da su. A 1925 guguwa ta auka wa jiragen suna kan ruwa ta nutsar da masu yawa, har mutanen yankin suka riƙa ƙirga shekaru daga wannan shekarar.

Idan mutum ya kalli tsohuwar sarƙa mai ƙwayoyi 60 ko 70, dukkansu launi ɗaya, zagaye sumul, babba a tsakiya suna raguwa a hankali zuwa ƙeya, ya kamata ya san abin da yake kallo. Kafin a dace da irin wannan jeri sai dillali ya tankaɗe dubban ƙwayoyi a rariyoyinsa na tagulla, ya ƙulle zaɓaɓɓun a jan ƙyalle, su bi jirgi zuwa Bombay inda ake huda su a shirya su, sannan su wuce Paris da Landan. Haɗa sarƙa ɗaya ta ƙwarai na iya cin shekaru. Jacques Cartier da kansa ya je Bahrain a 1912 don ya sayi kaya daga tushe. Kuɗin yana ƙaruwa a kowane zango, amma kusan ba ya komawa baya ga wanda ya nutse. Tsarin bai ginu a kan albashi ba, a kan bashi ya ginu. Kafin a fita nakuda zai ba mai nutso rancen da ake kira salaf don iyalinsa su ci, bayan kaka ya sake ba shi wani na rani, a cire duka daga kasonsa. Shi nakudan ma bashi ya ciwo a wurin attajiri. In kaka ta yi kyau mai nutso ya rage bashi, in ta ɓaci ya ƙaru, kuma wanda ake bi bashi ba ya barin jirgin ubangidansa. In ya mutu ɗansa ko ƙaninsa ya gaji bashin tare da igiyar. Sai a tsakiyar shekarun 1920 aka yi gyara a Bahrain, aka ba kowane mai nutso littafin lissafinsa, aka hana gadon bashi. Bayan waɗannan akwai bayi na sosai, akasarinsu an kawo su ko iyayensu daga gabashin Afirka, waɗanda kasonsu ke tafiya aljihun iyayen gijinsu. Masanin tarihi Matthew Hopper ya nuna a littafinsa na 2015 yadda buƙatar lu'ulu'u da dabino a Turai da Amurka ta rura cinikin bayi zuwa gaɓar Larabawa. Bahrain ta haramta bauta a 1937, Katar a 1952, bayan kasuwar ta riga ta mutu.

Za a ce abin da ya wuce ya wuce, matar da ta sayi tsohuwar sarƙa a yau ba ta bautar da kowa ba. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya ƙaurace wa tsohon lu'ulu'u. Hasali ma sayen tsoho ya fi sauƙin illa, tun da ba a fasa sabuwar kawa dominsa, ba a kuma tura kowa ƙarƙashin ruwa. Sai dai wannan hujja tana aiki ne ga mai saye, ba ta wanke mai sayarwa ba. Ba masu suka ne suka jawo zamanin da ya wuce cikin cinikin ba, dillalin ne ya jawo shi, domin da shi yake ninka farashi. Wanda ya ce a ƙara masa miliyoyi saboda abin da ya faru a fadar sarakunan Faransa ta Versailles shekara 200 da suka wuce, ba zai juyo ya ce abin da ya faru a ruwan Bahrain shekara 100 da suka wuce ya yi nisa da yawa ba. In tarihi yana shiga lissafin kuɗi, to duka zai shiga.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi. Ana cewa sunan sarauniya yana rubuce a wasiyya da rasit da zanen hoto, amma babu mai iya cewa wannan ƙwayar daga wannan jirgin ta fito, don haka duk abin da za a rubuta game da mai nutso zato ne. Na yarda ba za a iya danganta ƙwaya da mutum guda ba. Amma a duba abin da ake iya sani a yau. Ɗakunan gwaji irin su SSEF da ke Basel a Suwizalan, da GIA ta Amurka, da cibiyar DANAT da Bahrain ta kafa a 2017, suna haska ƙwaya da irin hoton da ake duba ƙashi da shi a asibiti, su gane ko ta halitta ce ko ta kiwo. Suna gane ko ta ruwan gishiri ce ko ta ruwan daɗi. Suna iya ɗebo ɗan gari daga cikin hudarta su gano nau'in kawar da ta haife ta, su kuma ƙiyasta zamanin da ta yi. Dillalai kuwa ba sa jin nauyin rubuta «lu'ulu'un Basra» ko «na Tekun Fasha» a kan kayansu, saboda wannan suna yana ƙara kuɗi, ko da yake Basra tashar ciniki ce kawai, ba a can ake nutso ba. Idan shaidar ta isa a ambaci teku don a tsawwala farashi, ta isa a ƙara layi biyu da za su faɗi yadda ake aiki a wannan teku a wancan zamani. Abin da ake nema shi ne a rubuta abin da aka tabbatar game da tsarin, ba a ƙirƙiro wa kowace ƙwaya mai ita ba.

Kada kuma a ce kasuwa ba ta saba da irin wannan ba. Tun bayan ƙa'idojin da aka amince da su a Washington a 1998, manyan gidajen gwanjo suna bin diddigin inda zanen hoto ya kasance tsakanin 1933 da 1945, don gudun sayar da abin da 'yan Nazi suka ƙwace. Tun 2003 ake neman takardar shaida ga ɗanyen daimon a ƙarƙashin tsarin Kimberley, saboda yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola. A watan Mayun 2023 Christie's ta sayar da kayan adon Heidi Horten kan kimanin dala miliyan 202, aka yi ca a kanta domin mijin matar ya tara dukiyarsa ne da sayen shagunan Yahudawa a wulaƙance a zamanin Hitler. Dole gidan ya fito ya yi bayani, daga baya ya soke ragowar gwanjon. Ashe ana iya faɗin inda dukiya ta fito idan waɗanda aka zalunta suna da masu magana da yawunsu. Jikokin masu nutso ba su da irin wannan murya a Geneva, kuma wannan kaɗai ne bambancin da nake gani.

Wasu za su ce wannan shafa wa gadon mutanen Tekun Fasha baƙin fenti ne, alhali su suna alfahari da zamanin nutso. Suna alfahari, kuma sun cancanta. Ba kowane mai nutso ne bawa ba, ba kowane nakuda ne azzalumi ba, kuma sana'ar ta haifar da ƙwarewa da jarumtaka da waƙoƙin teku da har yanzu ake rerawa. Amma su mutanen yankin ba su tsaya ga yabo kaɗai ba. Hanyar lu'ulu'u ta Muharraq a Bahrain, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, ta haɗa gidajen attajirai da gidan nakuda da na mai nutso da su kansu wuraren kawar a teku. A Doha an mayar da gidan Bin Jelmood, wanda a da na wani mai cinikin bayi ne, gidan tarihin bauta, aka buɗe shi a 2015. Masu nutson ma ba su yi shiru a zamaninsu ba. A watan Mayun 1932 sun yi bore a Manama kan rage musu salaf, 'yan sanda suka yi harbi, aka rasa rayuka. Idan masu gadon sun iya faɗin daɗi da ɗaci tare, bai kamata dillalin waje ya fake da mutuncinsu don ya yi shiru ba.

Akwai wani reshe na labarin da ake murɗewa, shi ne yadda ake ɗaukaka lu'ulu'un halitta a matsayin mai tsarki, a riƙa kallon na kiwo kamar ɗan bola. Kokichi Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba na Japan, ya samu rabin ƙwaya ta farko ta hanyar kiwo a 1893. Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa suka gano dabarar samar da zagayayya: a tsaga jikin kawa, a cusa ɗan dunƙulen ɓawo tare da guntun naman wata kawar, a mayar da ita ruwa ta lulluɓe shi da kanta. Bayan kayan sun isa Landan, a 1921 aka yi ta kururuwar cewa zamba ce, aka kai ƙara a Paris, Mikimoto ya yi nasara a 1924. Abin da ke saman ƙwayar kiwo shi ne dai abin da ke saman ta halitta, kawa ce ta yi su duka. Ba a musun cewa zuwan na kiwo, haɗe da karyewar tattalin arzikin duniya a 1929, ya jefa garuruwan Tekun Fasha cikin yunwa da ƙaura, kuma ba don man fetur da aka samu a Bahrain a 1932 da sauran wurare daga baya ba, da abin ya fi haka muni. Wannan ma yana cikin labarin da ya kamata a faɗa. Amma dabarar da ta kashe kasuwar ita ce ta raba ɗan Adam da nutso sau hamsin a yini don wuyan wata, ita ce kuma ta kai lu'ulu'u wuyan malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya. Wanda ya ce na halitta ya fi ƙaranci ya faɗi gaskiya, ya kuma ƙara kuɗi a kan haka. Wanda ya ce ya fi tsarki, sai ya fara bayanin bashin da ɗa ke gada daga uba.

Wannan haƙƙi na faɗin gaskiya bai tsaya a manyan gidajen gwanjo ba, ya fi ma shafar ƙaramin mai saye. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan tsohuwar sarƙar lu'ulu'u ba na Tekun Fasha ba ne. Na kiwon Japan ne na bayan 1945, irin waɗanda sojojin Amurka suka riƙa kai wa matansu tsaraba, aka kuma yi ta sarrafa su da yawa a shekarun 1950 da 1960. Suna da kyau, amma ba su da wuyar samu, wasu ma shimfiɗar samansu ta siɗe har ana hango dunƙulen ciki a bakin huda. Sau da yawa maɗaurin zinariyar ya fi ƙwayoyin kuɗi. Wasu kuwa gilashi ne ko roba. Ga kuma na ruwan daɗi da ake kiwo a Chaina, inda kawa ɗaya kan ba da ƙwaya 20 ko 30, ana tara su a kasuwar Zhuji ana rarraba wa duniya. Matanmu da ke zuwa Dubai sarin kaya, da alhazan da ke tsintar tsaraba a kasuwannin Makka da Madina, suna cin karo da duk waɗannan a kan tebur ɗaya. Goga ƙwaya a haƙori yana raba gilashi da na kawa, domin na kawa yana da ɗan gurzo-gurzo, na gilashi kuwa santsi ne. Amma haƙori ba ya raba na kiwo da na halitta, sai ɗakin gwaji. Wadda ta saba ajiye dukiyarta a zinariya, ta san ranar da buƙata ta taso za ta kai kasuwa a auna a ba ta kuɗinta, kada a ruɗe ta da cewa lu'ulu'u ma haka yake. Ado ne, a saye shi don ado. Dillalin da ya kira na kiwo na halitta, ko ya bar kalmar «tsoho» ta yi masa ƙaryar da bai furta ba, algus ya yi, kuma shari'ar ciniki da muka sani ta wajabta wa mai sayarwa bayyana abin da zai rage wa kayansa daraja a idon mai saye. Bahrain ta ɗauki matakin da ya fi na kowa tsauri, ta hana cinikin lu'ulu'un kiwo a ƙasarta tun 1928. Ba sai kowace ƙasa ta kai can ba, amma rubuta nau'in kaya a rasit bai fi ƙarfin kowane shago ba.

Saura batun sunaye, wanda shi ne mafakar ƙarshe ta masu cewa ba abin da za a iya rubutawa. Ba duka suka ɓace ba. A shekarun 1920 da 1930 bayi da yawa sun gudu zuwa ofisoshin wakilan Birtaniya a Bahrain da Sharjah da Maskat suna neman takardar 'yanci, kuma kafin a ba mutum sai an rubuta bayaninsa: sunansa, inda aka haife shi ko aka sace shi, wanda ya saye shi da nawa, kakar nutso nawa ya yi, da wanda ke karɓar kasonsa. Ɗaruruwan irin waɗannan takardu suna ajiye a ɗakin karatu na British Library a Landan, kuma tun 2014 ake ɗora su a intanet kyauta ta hanyar Qatar Digital Library. Ma'aikacin gidan gwanjo da ke iya kwashe watanni yana tono wasiyyar wata gimbiya don ya tabbatar da layi ɗaya a littafinsa, zai iya buɗe waɗannan a kwamfutar ofishinsa. Sakin layi ɗaya ya wadatar a ƙarƙashin kowace sarƙar da gwaji ya nuna ta Tekun Fasha ce ta wancan zamani: tsawon kakar nutso, tsarin salaf, kasancewar bayi a cikin jiragen, da bayanin mutum ɗaya ko biyu daga cikin takardun, da sunayensu yadda suka faɗa wa magatakarda.